Babban transfo ne ke ƙona fitilar LED, ko ƙarami?

Igiyar LED mai mita biyar tana hannunka, ka tsaya gaban mai sayar da kayan wuta a kasuwar Katako da ke Yamai, ya jera maka transfo huɗu a kan tebur: mai amper 2, mai 5, mai 10 da mai 20. Wanne za ka ɗauka? Mafi yawan mutane ƙaramin suke nunawa. Dalili na farko kuɗi ne, wannan kowa ya san shi. Na biyun tsoro ne: wai babban transfo ƙarfinsa zai fi ƙarfin fitilar, ya ƙona ta. Wannan magana ta zagaya gari har ta zama kamar karatu, alhali a juye take. Ƙaramin transfo ne ke cinye kuɗin mutane, wani lokaci ma ya haɗa da shago.

Maganar ta ƙara zafi tun watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. An dawo da ita a 2024, amma abin da mutanen Yamai suka koya a watannin duhu bai tafi ba. Tela, mai aski, mai shayi, mai kilishi a bakin titi, mai ƙawata wurin biki, kowa ya gane cewa da igiyar LED da ɗan batir ko transfo zai haska wurin sana'arsa ba tare da jiran kowa ba. Haɗa fitilar ba wuya. Zaɓen abin da zai ciyar da ita ne ake yi da ka, kuma a nan ake asara.

Wa ke turawa, wa ke ja

Kalmomi uku ne a jikin kowane transfo: volt, amper da wat. Wanda ya raba su a kansa ya gama rabin aikin.

Volt shi ne ƙarfin turawa. Wutar NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, tana shigowa gida da volt 220, igiyar LED kuwa galibi volt 12 take so, wata 24. Aikin transfo ke nan: ya sauko da 220 zuwa 12, ya kuma mayar da wutar mai kai-da-komo ta zama mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir. A nan babu ciniki. Igiyar 12 sai transfo na 12, ta 24 sai na 24.

Amper kuwa yawan wutar da ke gudana ne, kuma ba transfo ke tura shi ba, fitila ce ke ja gwargwadon bukatarta. Guga ba ya ɗebo fiye da cikinsa don rijiya ta cika maƙil. Igiyar da ke bukatar amper 3, ko ka ba ta transfo mai amper 20, uku ɗin nan za ta ja, sauran yana ajiye. Lambar amper da ke jikin transfo iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da yake ɗura wa fitila dole ba.

Wat shi ne volt sau amper. Transfo mai volt 12 da amper 5, wat 60 ke nan. Mai amper 10, wat 120.

To daga ina tsoron babban transfo ya samo asali? Daga waɗanda suka ƙona igiyarsu da cajar kwamfuta. Cajar tana da girma a ido, mutum ya jona, fitila ta yi wani irin haske mai kashe ido na ɗan lokaci, sai wari, sai duhu. Ya tashi yana cewa babban transfo ne. Ba girmanta ba ne: yawancin cajar kwamfutar tafi-da-gidanka volt 19 take bayarwa. Idan ka duba igiyar LED ta volt 12 da kyau, za ka ga ƙwayoyin uku-uku suke, da ɗan baƙin abu ƙarami kusa da su, wato rezistans, sannan alamar almakashi inda ake yankawa. Kowace farar ƙwaya tana cin volt 3 da ɗan ɗoriya, uku sun ci kusan 9 da rabi, ragowar 2 da rabi rezistans ke riƙewa don ya daidaita amper. Ka ba ta 19, abin da ya rage wa rezistans ya haura 9, amper ya ninka sau uku ko fiye. Ƙwayar da aka yi don ta yi shekaru sai ta mutu kafin a sha shayi na biyu.

Lissafin kansa

Ba ya cin minti biyu. Nemi wat nawa igiyar ke ci a kowace mita, yawanci yana jikin leda ko naɗin. Mai ƙananan ƙwayoyi da ake kira 3528, ƙwaya 60 a mita, wat 4.8 take ci. Mai manyan ƙwayoyi 5050, ita ma 60 a mita, wat 14.4. Dubi tazarar: tsawo ɗaya, ninki uku. Shi ya sa tambayar “transfo nawa ke ɗaukar mita biyar?” ba ta da amsa sai an san wace igiya ce.

Ɗauki 5050 naɗi guda. Mita 5 sau 14.4, wat 72. Raba da 12, amper 6. Wannan shi ne kayan da za a ɗora. Ita kuwa 3528, naɗi guda wat 24 ne, amper 2.

Kuskuren da ake yi shi ne a ga amper 2, a sayi transfo mai amper 2, a ce an yi daidai. Jakin da aka ɗora wa iyakar abin da zai iya ɗauka zai tashi, amma ba zai kai kasuwa ba. Ƙa'idar da masu aikin wuta suka saba da ita ita ce kada kaya su wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin transfo. Wat 72 raba da 0.8 ya ba da 90, sai a nemi mai wat 100 ko 120. Wat 24 ya koma 30, sai a ɗauki mai amper 3.

Me ya sa rarar kashi 20 ba ta ishe mu ba

Ni a ganina wannan ƙa'ida ta ƙasashen sanyi ce, kuma duk wanda ya kwafo ta zuwa Yamai ba tare da gyara ba zai sake komawa Katako kafin damina.

Transfo ba ya mayar da duk wutar da ya karɓa ta zama mai amfani. Ko mai kyau ne, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 yana zama zafi a cikinsa, kuma iskar da ke kewaye da shi ce kaɗai ke kwashe wannan zafin. Kamfanonin da ke buga takardar bayani ta gaskiya suna zana layi a ciki: cikakken ƙarfi har zuwa digiri 40 ko 50, daga nan ƙarfin yana sauka. A Afrilu da Mayu inuwar Yamai kanta tana wuce digiri 40. Ƙarƙashin rufin kwano da azahar kuwa ba a magana. Wato transfon da aka rubuta wa wat 100, idan aka cusa shi cikin silin, ya daina zama mai wat 100 tun kafin a kunna fitila.

Akwai kuma ƴan gwangwanaye a cikinsa, kondansater, masu ɗan ruwa a ciki. Zafi yana busar da su a hankali. Abin da injiniyoyi suka sani shi ne duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Su ne ke fara mutuwa, kuma alamarsu ita ce fitila ta fara rawa ko ta riƙa jinkirin kamawa. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata rabon: tana shiga ramukan transfon ƙarfe ta kwanta kamar bargo, mai fanka kuwa ta toshe fankar.

Saboda haka ni nakan ɗora kashi 60 zuwa 70 kawai. Igiyar amper 6, transfo mai amper 10. Naɗi biyu, amper 12, mai amper 20. Wasu abokan aiki suna ganin ɓarnar kuɗi ce, kuma suna da hujja idan transfon na kamfani mai suna ne, wurin kuma yana shan iska. Amma nawa ne cikin waɗanda ke kasuwa suka cika wannan sharaɗi?

Abin da aka rubuta da abin da ke ciki

A cikin azumin da ya wuce wani tela a Bukoki, abokin mahaifina, ya aiko yaronsa ya kira ni. Ɗinkin salla ya taru, kwana suke yi a shago. Ya manna igiyar 5050 naɗi guda a saman kekunan ɗinkinsa uku. Da safe lafiya lau, amma da rana ta take sai fitilar ta fara kamawa tana ɗaukewa kamar mai ƙifta ido.

“Ɗana, duba mini, ko wutar gari ce ba ta da ƙarfi? Zaren baƙi nake sa wa allura, idona har ruwa yake yi.”

Na ce, “Baba, ina transfon yake?”

Ya nuna sama. Yana can maƙale tsakanin katako da kwano, an naɗe shi da leda don kada ƙura ta shiga. Da na sauko da shi sai da na sa tsumma, don hannu ba ya iya riƙe shi. Robar jikinsa ta fara lanƙwasa ta gefe ɗaya. An rubuta amper 5, amma nauyinsa bai fi na cajar waya ba. Na sa mitar gwaji: ba kaya, volt 12 cif, da aka jona igiyar, sai ya faɗo ƙasa da 11. Ƙifta idon da fitilar ke yi ba lalacewa ba ce, transfon ne ke kashe kansa idan ya ji ya yi zafi, ya huce kaɗan ya sake tashi. Wanda ba shi da wannan kariya shi ne ke narkewa, ga kuma atamfa da shadda jibge a ƙasa.

Muka sa mai amper 10 na ƙarfe, muka ɗaure shi a bango a kan ɗan allo, nesa da yadi, inda iska ke ratsawa. Bayan awa biyu na ɗora tafin hannu a kai: ɗumi kawai.

Darasi biyu ke nan. Lambar da ke jikin transfo mai araha sau da yawa ta fi abin da ke cikinsa, kuma nauyi yana ɗan tona asiri, domin jan ƙarfe da farantin sanyaya suna da nauyi. Na biyu, gwaji ya fi rubutu. Mitar gwaji ba ta da tsada idan aka kwatanta da transfo biyu da aka ƙona. A auna volt a bakin transfo fitila tana kunne; idan ya tsaya kusa da 12 bayan awa guda, kuma hannu yana iya zama a jikinsa, to yana cikin ƙarfinsa. Ita ma igiyar ana iya auna abin da take ja, a sa mitar a layin amper 10 a tsakanin waya ɗaya. Sau da yawa za ka tarar tana ja ƙasa da abin da aka rubuta, wannan kuwa riba ce, ba dalilin rage transfo ba.

Abu ɗaya da bai kamata a manta ba: wasu transfon ƙarfe suna da ɗan maɓalli a gefe, 110 ko 220. Idan yana kan 110 aka jona shi a wutar Yamai, nan take yake fashewa. A duba kafin a jona. Wanda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ya fi jure wutar da ke sauka da tashi lokacin zafi. Kuma bakin da wutar 220 ke shiga a buɗe yake a irin waɗannan, sai an rufe shi, an kuma jona wayar ƙasa, musamman inda yara ke wasa.

To a sayi mafi girma kawai a huta?

Masu sayarwa za su so haka. Fitilar dai ba za ta ƙone ba, mun riga mun faɗa. Amma akwai haɗari ta wata ƙofa da ba a cika ambata ba. Ka ɗauki transfo mai amper 30, ka ja siririyar waya zuwa ƴar igiya mai amper 2. Ranar da wayoyin biyu suka haɗu a can ƙarshe, ko ɓera ya ci roba, transfon zai iya zuba amper 20 a cikin siririyar wayar bai ji komai ba, domin bai kai iyakarsa ba balle ya kashe kansa. Wayar ce za ta yi ja. Mutane suna raina volt 12 saboda ba ya jan mutum, amma yana tada gobara sarai.

Maganin mai sauƙi ne: fusibil irin na mota, wato ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta idan amper ya wuce kima, a kan kowane reshe, dab da transfo, wanda ya ɗan fi abin da reshen ke ja. Reshen amper 2, fusibil mai 3. Reshen amper 6, mai 7.5 ko 10. Ga mai babban wuri, kamar zauren biki, ƙananan transfo biyu ko uku kowanne da ɓangarensa sun fi ƙato guda: waya ta gajarta, kuma idan ɗaya ya mutu ba a shiga duhu gaba ɗaya ana tsakiyar taro ba. Sai dai kada a haɗa bakinsu wuri ɗaya da nufin tara ƙarfi, kowanne ya riƙe igiyarsa.

Laifin da ake ɗora wa transfo alhali na waya ne

Wani zai sayi transfo mai kyau, mai rara, amma fitila ta fito dishi-dishi, ko farkon igiya fari tas ƙarshenta ja-ja. Sai ya koma ya ƙaro babba, abin bai canja ba. Volt ne ke zubewa a hanya.

Ga lissafi da wayar jan ƙarfe ta gaskiya. Transfo yana nesa da fitila da mita 10, wato wuta za ta yi tafiyar mita 20 zuwa da dawowa, tana ɗauke da amper 6. Idan wayar mai kaurin murabba'in milimita 0.75 ce, volt 2.8 ne zai salwanta, fitila ta samu 9 da ɗan kai, wanda da ƙyar zai kunna ƙwayoyin nan uku. Mai 1.5, asarar 1.4. Mai 2.5, ƙasa da volt 1. A wutar 220 wannan asara ba a ko jin ta, a 12 kuwa ita ce komai. Ga kuma wayar da ta cika kasuwa, alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya: ka kankare ta da wuƙa ka ga fari a ciki. Asararta ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi.

Don haka transfo ya matso kusa da fitila, a bar wayar 220 ta yi doguwar tafiyar. Kuma kada a jona naɗi a wutsiyar naɗi. Siririn layin jan ƙarfen da ke cikin igiyar mita biyar aka yi shi ya ɗauka. Naɗi na biyu a ja masa tasa wayar daga transfo. Wanda zai haska wuri mai tsawo, tun farko ya nemi igiyar volt 24. Wat ɗaya ne, amma amper ya ragu da rabi, asarar hanya ta ragu sosai, ana kuma yanka ta ƙwaya shida-shida.

Ƙwayoyi masu ƙarfi ba transfo suke so ba

Duk bayanin da ya gabata na igiya ne mai rezistans a jiki. Matasan da ke haɗa fitilar tsakar gida da ƙwayoyi masu wat 1 ko 3, ko farantin nan mai ruwan ɗorawa na wat 10 zuwa 50 da ake cirowa daga matattun fitilun titi, su dokarsu daban ce. Waɗannan ba su da abin da ke tsare amper. Suna yin zafi su ƙara ja, su ƙara zafi su ƙara ja, har su mutu. Abin da suke bukata shi ne direba, wato na'urar da ke riƙe amper a wuri ɗaya ta bar volt ya daidaita kansa. A jikinta za ka ga an rubuta misali 350 mA ko 700 mA (mA dubu ne amper ɗaya), da tazarar volt. Ƙwayar wat 1 tana son 350, ta wat 3 kusan 700. Ana jera su ɗaya bayan ɗaya, a tara volt ɗinsu, jimlar ta faɗa cikin tazarar direban: ƙwaya goma, kusan volt 32.

A nan kam tsoron mutane gaskiya ne. Direba turawa yake yi. Ka ba ƙwayar 350 direban 700, ka ƙona ta. Kuma ko direban ya dace, ƙwayar da ba a ɗaure ta a kan farantin alminiyom mai faɗi ba ba za ta ga ƙarshen wata ba.

Idan batir ne ko sola

Da yawa a unguwannin bayan gari ba transfo suke amfani da shi ba, kai tsaye suke jona igiya a batir, tunda an ce duka volt 12 ne. Batir sunansa kawai 12. Idan ya cika yana kusa da 12.7, lokacin da faranti ke caja shi da rana kuwa yana kaiwa 14.4. Ka tuna volt 2 da rabi da rezistans ke riƙewa? A 14.4 ya koma kusan 5, amper ya kusa ninkawa. Mai shagon da ke barin fitila a kunne da rana batir yana caji, shi ne ke ganin ƙwayoyi suna baƙi uku-uku bayan ƴan watanni. Akwai ƴar na'ura mai daidaita volt da ake sa wa tsakanin batir da igiya ta tsayar da shi a 12; ita ma da amper ake zaɓenta, da rara iri ɗaya.

Wasu kuma suna ɗaga wutar batir zuwa 220 da inbata, sannan su sa transfo ya sake sauko da ita 12. Asara biyu ke nan a kan wutar da aka tara da ƙyar. Fitilar volt 12 ta ci daga batir ta hanyar fusibil da mai daidaitawa.

Girman batirin shi ma lissafi ne. Igiyar wat 72 daga magariba zuwa sha biyun dare, a ce awa 5, ta ci wat-awa 360, wato amper-awa 30. Batirin darma ba ya son a sha fiye da rabinsa, don haka ƙasa da mai 60 ba zai yi ƙarko ba, mai 100 ya fi kwanciyar hankali idan hazo ya rufe rana kwana biyu. Mai shayin da teburinsa bai wuce mita biyu ba, ba ya bukatar wannan duka. Mita biyu na 5050 wat 29 ne, ƙasa da amper 2 da rabi. Awa 5 sun ci amper-awa 12, batir mai 30 ya ishe shi har ya tashi, da fusibil mai amper 3 a kan jar wayar, dab da kan batirin.